RUMBUN ƘARFE: ABIN DA KAN SA YA FAƊI RAN KWASA

Wannan 'yar takarda an shirya ta ne domin Hakimai, iyayen ƙasa, da kuma malamansu masu riƙe da littattafan gunduma. Maganarta a kan manyan rumbunan ƙarfen nan ne da a ke hange a bakin hanya suna ƙyalli kamar sabon kwano, waɗanda a ke zuba wa tsabar masara da dawa da shanshera.

Bayan wahalar farin da aka sha a 1973, da wadda ta sāke aukuwa a 1984, hankalin hukuma ya koma ga tanadin abinci. A 1987 Gwamnatin Tarayya ta soma shirin ajiyar hatsi domin ranar buƙata, aka yi ta gina tashoshin rumbuna har suka kai 33. Akwai su a Minna, da Gombe, da Jahun, da Dutsin-Ma, da Gusau, da Bulasa kusa da Birnin Kebbi. Ta Minna tana cin tan 25,000, ta Kwali kuwa a yankin Abuja tan 100,000. A 2018 Gwamnati ta yarda a ba 'yan kasuwa hayar waɗansu daga cikinsu. Ban da waɗannan, ga na masu casar shinkafa da masu haɗa abincin kaji, waɗanda kullum sai daɗuwa su ke yi. Watau dai Hakimin da babu irin wannan rumbu a ƙasarsa bana, ya yiwu baɗi ya wayi gari da shi.

Yawancin mutane suna tsammani ranar da aka cika rumbu maƙil ita ce ranar tsoro, in ya ɗauki kayansa bai motsa ba shi ke nan. Injiniyoyi kuwa sun daɗe da lura cewa rumbun ƙarfe ya fi lalacewa a lokacin da a ke fid da hatsi daga cikinsa. Ga shi kayan raguwa su ke yi, amma a sa'an nan ne bango kan lotsa, ko rufi ya rufta, ko rumbun duka ya durƙushe. Dalilin haka shi ne abin da za a bayyana a nan.

Hatsi Ba Ruwa Ba Ne

Rumbunmu na gargajiya, ko na ƙasa ko na kara, bai san wannan matsala ba. Galibi dammuna a ke jera masa, zangarniya kuwa ba ta gudu. Ko da tsaba aka zuba a rufewa, ta sama a ke shiga a ɗebo da ƙwarya, kaɗan kaɗan, abin da ke ƙasa yana kwance lafiya. Dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita a dā ma buhuna ne a ke ɗorawa kan juna, ko wane buhu yana riƙe da abin da ke cikinsa. Rumbun ƙarfe shi ne ya zo da sabon abu, gama tsaba a ke zuba masa ta ƙoƙuwa babu buhu, a kuma zare ta ta ƙarƙashi.

In an zuba ruwa a tanki, nauyinsa duka a gindi ya ke sauka, iyakar abin da ya ke yi wa bango shi ne ya tura shi waje. Tsaba tana tura bango waje ita ma, amma tana ƙara wani abu: tana kama bangon, ta rataya a jikinsa. Mai son ganin haka da idonsa ya cika kwalba da shinkafa, ya bubbuga ta har ta zauna, ya soka fensir a ciki, ya zare, ya sāke sokawa sau da yawa. Can zai ga fensirin ya kafe, har ya ɗaga kwalbar da shi. Ba wani asiri a ciki, ƙwayoyin ne suka matsu, suka riƙe fensir, suka riƙe kwalba.

Wani injiniya Bajamushe mai suna Janssen, a birnin Bremen, shi ne ya auna wannan al'amari, ya buga lissafinsa a 1895, har yau kuma da shi a ke fara ƙiyasta ƙarfin ko wane rumbu. Ya tarar in ana ta ƙara hatsi a dogon mazubi, nauyin da ke sauka a gindi ba ya bin yawan abin da aka zuba. Ya kan yi ta ƙaruwa da fari, sa'an nan ya kusa tsayawa, ko da an ci gaba da zubawa. Sauran nauyin bango ne ya ɗauke.

A ɗauki misali. Rumbu mai faɗin mita 15 da tsawon mita 15, watau kamar ƙafa 50 ke nan ko ta ina, ya kan ci masara wajen tan 1,900, buhu 19,000 ke nan na kilo ɗari ɗari. Bisa lissafin Janssen, kusan sulusin wannan kaya, wajen tan 600, a jikin bango ya ke rataye yana danna shi ƙasa. Da za a riɓanya tsawon rumbun ya kai mita 30, da rabin kayan ne zai koma kan bango. Lissafin ya kan ɗan sauya gwargwadon irin hatsi da santsin ƙarfe, amma wannan ya isa a gane girman abin.

To, wane irin bango ne ke ɗauke da tan 600? Kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba, na ƙasa ya fi na sama. Gwangwanin lemon nan da yara ke wasa da shi, faɗinsa ya yi kaurin jikinsa wajen sau 660. Rumbun da muka ambata, in kaurin bangonsa milimita 3 ne, faɗinsa ya yi kaurin sau 5,000. Ashe in an bi gwargwado, bangon rumbu ya fi na gwangwani rashin kauri fiye da sau bakwai. Gwangwanin da ba kome a ciki, in bai taɓa lotsawa ba, yaro zai iya hawansa a hankali da ƙafa ɗaya ya tsaya. Amma wani ya ɗan ƙyasta gefensa da tsinke, nan take sai ya mokaɗe. Ƙarfin gwangwani duka a daidaiton kewayensa ya ke, haka kuma na rumbu. Da ya ke yawancin rumbunan nan da kwano mai gwalo-gwalo a ke yinsu, layukan kuwa a kwance su ke, kwanon shi kaɗai in aka danna shi daga sama sai ya naɗe kamar zugazugin maƙeri. Don haka a ke jera masa tsayayyun ƙarafa a kewaye, a ɗaure da noti. Su ne ginshiƙan da ke kai nauyin ƙasa.

Sa'ad da Aka Buɗe Ƙofa

Muddin hatsi yana kwance, ko wace ƙwaya ta sami inda ta jingina. Da an zare ƙofar ƙasa sai wannan zama ya watse. Ƙwayoyi su soma gangarawa, suna cushewa wajen shiga ƙofa kamar taron kasuwa a bakin ƙyaure, turin da su ke yi wa bango ya ƙaru, kuma ba ya tsayawa a wuri guda. Sabo da haka ƙa'idar injiniyoyin gona ta Amurka ta ce dogon rumbu, wanda tsawonsa ya wuce faɗinsa sau biyu, a ƙara masa kashi 40 cikin 100 bisa turin hatsin kwance tun wajen lissafi.

Andrew Jenike, wanda ya yi bincikensa a Jami'ar Yuta ta Amurka, ya buga sakamakonsa a 1961 da 1964, ya nuna hatsi na da tafiya iri biyu. A rumbu mai tsinin gindi kamar mazurari, in tsinin ya miƙe sosai kuma yana da santsi, kayan duka ke sauka tare, suna gugar bango. A rumbu mai shimfiɗaɗɗen gindi kuwa, irin wanda ya fi yawa a ƙasar nan, wata hanya ce kamar rijiya ke buɗewa daga ƙofa zuwa sama. Hatsin sama shi ke gangarowa cikinta, na gefe yana tsaye sai layi ya zo kansa. In ƙofar a tsakiya ta ke, rijiyar a tsakiya za ta tsaya, hatsin da ke kewaye da ita ya tura bango daidai wa daida ta gabas da yamma, kudu da arewa. Bango ya zauna a kewayensa kamar zobe, ba abin da zai same shi. Da wannan sharaɗi maƙeran rumbu suka yi lissafinsu.

Ƙofar Gefe

Nan ne babbar ɓarna ta ke, kuma nan ne ya fi kyau a tsaya a fahimta.

A daɓen babban rumbu ba ƙofa ɗaya ce ba. Akwai ta tsakiya, akwai kuma waɗansu a jere daga tsakiya zuwa bango, duka suna zubawa cikin injin ja da ke ƙarƙashin daɓe. Waɗannan na gefe an yi su ne domin kwashe saura. Tsarin shi ne a buɗe ta tsakiya ita kaɗai, a bar ta har hatsi ya daina zubowa don kansa. Sa'an nan a buɗe mai bi mata, in ta ƙare a buɗe ta gaba, har a kai bango. Daga baya a sa injin shara ya tattaro abin da ya rage.

In aka saɓa, aka fara da ƙofar da ke kusa da bango alhali rumbu na cike, rijiyar nan sai ta buɗe a jikin bango. Hatsin da ke gudu a cikinta sakwa-sakwa ya ke, ba ya tura bango da ƙarfi. Hatsin da ke tsaye dama da hagunta kuwa yana turi fiye da na dā, domin shi ya karɓi nauyin da mai gudu ya saki. Sai ya zama wani tsiri na bango, daga ƙasa har sama, ba mai tokare shi ta ciki, gefensa biyu kuwa ana tura su waje. Zobe ya tashi daga zobe, wurin ya baje, ya soma shiga ciki. A daidai wannan tsiri kuma dannin da ke saukowa daga sama ke taruwa. An ƙyasta gefen gwangwani ke nan alhali yaro na kai. Lotsawar ta kan fito a tsakiyar tsawon rumbu, ba lalle a gindi ba, wani lokaci da ƙara kamar harbin bindiga. Da ginshiƙi ɗaya ya lanƙwashe sai kayansa su koma kan maƙwabtansa, su ma su bi shi.

Akwai kuma abu na biyu. Da ya ke ta gefe guda a ke zarewa, hatsi ya kan yi tudu a ɗaya gefen, nauyi ya karkata, rumbu ya nemi kifewa, notin da suka ɗaure shi da harsashi su shiga wahala. Wani shehin malami, J. M. Rotter, ya fid da lissafin wannan irin kwasa a 1986. Ƙa'idar gina rumbuna ta ƙasashen Turai ta 2006 ta ɗauki maganar, ta ce babban rumbu in ƙofarsa ta kauce daga tsakiya fiye da rubu'in faɗinsa, tilas a yi masa lissafi na musamman. Akwai rumbunan da tun a maƙera aka shirya su domin zuba wa mota ta gefe, da wata hanya ta ƙarfe a jikin bango ta ciki wadda ke sa hatsin sama ya fara fita. Wanda ba a yi shi haka ba, ba ya zama haka don an huda shi an liƙa masa bututu.

To, mai kula da rumbu ya san duk wannan, me zai kai shi ga buɗe ƙofar gefe? Galibi abu biyu ne. Ko dai ƙofar tsakiya ta toshe da dunƙulallen hatsi, ko kuwa gaggawa. Motoci goma sun yi layi tun asuba, an sa ranar rabo, manya na jira, wani mai faɗa a ji ya ce a buɗe duka a huta. A ganina wannan na biyun ya fi haɗari, gama toshewa injiniya na da dabararta, amma ƙaramin ma'aikaci ba shi da dabarar ce wa babba a'a. Kalma ɗaya daga bakin Hakimi, cewa a bar mutumin nan ya bi ƙa'idarsa, ta fi takardu goma irin wannan amfani.

Haka nan ɓarawon da ya huda bango da dare don ya tari buhu biyu, ƙofar gefe ya buɗe, kuma shi ne tsaye a ƙarƙashinta.

Hatsin da Ya Kama Jikinsa

Masarar da za a ajiye ta daɗe, kada damshinta ya wuce kashi 13 cikin 100. In an zuba ta da ɗanyenta, ko rufi na yoyo, ko raɓa ta taru a ƙarƙashin kwano tana ɗiga, sai fumfuna ta kama ta, ta dunƙule. Wani lokaci sama ta kan yi ɓawo mai tauri. Ana zare hatsi ta ƙasa, ɓawon na nan tsaye kamar rufin soro, ƙarƙashinsa kogo. Ran da ya karye, kaya masu nauyin tan da yawa su faɗo gaba ɗaya, su bugi daɓe da bango, su kuma zuƙo iska a bayansu har rufi ya biyo su. Wani lokaci kuma a jikin bango ta ke mannewa ta gefe guda, ta tsaya kamar garu bayan sauran sun fita, nauyi ya sāke zama a karkace.

Wannan shi ne ya fi cin rayuka, domin shi ke sa mutum ya shiga da sanda ya ce zai farfasa. Hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙiyasta cewa mutumin da ke tsaye kan hatsi mai gudu, cikin daƙiƙa 4 ko 5 ya kafe ba ya iya fita, cikin daƙiƙa 22 ya nutse ɗungum. Kada kowa ya shiga rumbu injin ja na aiki. In shiga ta zama dole, a kashe injin a kulle makunninsa, mai shiga ya ɗaura igiya, wani ya tsaya a bakin ƙofar sama yana ganinsa. In kuwa tsautsayi ya auku har sai an yanka bango don a ceci mutum, masu aikin ceto ba su yanka gefe ɗaya. Su kan yanka ɓangarori masu fuskantar juna, hatsi ya zube daidai, don kada rumbun ya faɗo a kan wanda a ke ceto da masu cetonsa.

Iska, da Zafi da Sanyi

Duk buhun da ya fita daga rumbu, sai iska ta shiga ta maye gurbinsa. Don haka a ke yin 'yan tagogi a rufi. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da sheƙar tsuntsu su kan toshe su. Sau da yawa kuma mutane ne da kansu ke liƙe su da leda sa'ad da za a sa maganin ƙwari irin mai tururi, in an gama a manta. In aka soma kwasa a haka, ko aka kunna fankar da ke zuƙo iska ta ƙasa, iskar ciki sai ta ragu, ta waje ta danno. Ko da kashi 1 cikin 100 kaɗai ta ragu, rufin rumbu mai faɗin mita 15 zai ji kamar an ɗora masa tan 18. Hawa a duba tagogin nan aikin minti goma ne.

Zafi da sanyi su ma suna da nasu rabo, ko da ya ke a hankali su ke aiki. Da rana ƙarfe ya buɗe, hatsi ya ɗan zauna ya cike wurin. Da dare ƙarfe ya nemi komawa, hatsi ya ƙi ba shi hanya. Rumbu mai faɗin mita 20, in bambancin zafin rana da sanyin dare ya kai digiri 20, kamar yadda a kan samu da hunturu, kewayensa kan buɗe wajen santimita ɗaya da rabi. Kaɗan ne, amma kullum ne, wata da watanni. Rumbun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, ran da aka zo kwasa a matse za a same shi, ga tsatsa ta ci notin gindi.

Bayan an kwashe ma da sauran magana. Hatsi shi ke tokare bango ta ciki, rumbun da ba kome ya fi cikakke tsoron iska. Hatsin ajiya kuwa an fi fid da shi daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, sa'ad da abinci ya yi tsada, daidai lokacin da hadari ke tasowa da iska mai kware rufi. Sai a tabbata notin harsashi na nan ɗaure, ƙofofin shiga kuma a rufe.

Abin da Ya Shafi Hakimi da Malaminsa

Ba a ce Hakimi ya zama injiniya ba, kuma rumbun ba a hannunsa ya ke ba. Amma mutanen da ke taruwa ran kwasa talakawansa ne: 'yan dako, da direbobi, da mata masu tsintar abin da ya zube, da masu tallar abinci, da yara 'yan kallo. Rumbun da ya fashe ba a inda ya ke tsaye kaɗai ya ke ɓarna ba, hatsin kan malalo ya binne abin da ke kusa, wani lokaci ya ture rumbun da ke maƙwabtaka da shi. Ya kamata tun kafin ranar Hakimi ya aika wa dagaci da masu unguwa a yi shela, kowa ya tsaya bayan shinge, in ba mai aiki a wurin ba. Waɗanda suka kafa rumfuna a jikin shingen don neman inuwa a tashe su, ko da na kwanakin kwasa ne kaɗai.

Malamin Hakimi kuwa ya buɗe shafi a littafinsa domin ko wace tasha da ke cikin gunduma. Ya rubuta sunan mai kula da ita, da wanda za a nema in wani abu ya faru, da ranar da aka zuba hatsi, da irinsa, da ranar da aka soma kwasa. Ya tambayi mai kula ko ta ƙofar tsakiya aka fara, ko an duba tagogin rufi, ya rubuta amsar da aka ba shi. Tambayar kanta ta kan sa mutum ya sāke dubawa.

In an zagaya rumbu, a tsaya nesa kaɗan a dubi tsayayyun ƙarafan nan, gama ido ya fi gane karkata daga nesa. Abin da a ke nema shi ne ginshiƙin da ya lauje, ko wurin da kwano ya shiga ciki ko ya kumburo, ko notin da suka tsinke suka zubo a gindi, ko tsaga a simintin harsashi, ko tsaba na tsiyaya ta mahaɗin kwano. In ana cikin kwasa aka ji rumbu na ƙara, ko yana girgiza, a sa a kashe injin, a janye mutane, kada kuma a yarda wani ya ce bari a ƙarasa tun da an kusa. Malam ya rubuta rahoto a ranar, ya faɗi lambar rumbun, da gefen da abin ya ke, gabas ko yamma, da layin kwano na nawa in an ƙirgo daga ƙasa, da kimanin hatsin da ya rage a ciki. Kofi ɗaya ya tafi wurin mai rumbun, ɗaya ofishin gona na ƙaramar hukuma, ɗaya fadar Sarki. Rumbun da ya taɓa lotsawa, ko da an buge wurin ya koma daidai a ido, ba a sāke zuba masa hatsi sai injiniya ya duba ya sa hannu.